Ka Sayi Sabon Mashin? Bi Waɗannan Matakan Kafin Ka Hau Kwalta

Tun da kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 2023 mutane da dama suka jingine mota suka koma babur. Ni kuma da yake na kwana biyu a kan mashin, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni a majalisa ko ya kira ni ba: "Malam, na sayi mashin, ta ina zan fara?" Wani ma'aikaci ne da albashi ya daina isar tankin mota, wani uba ne da ya saya wa ɗansa na zuwa makaranta, hankalinsa kuma ya ƙi kwanciya. Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi musu daɗi ba, don su tafiya suke so in koya musu, ni kuwa tsayawa nake fara koyarwa. Tafiya da mashin ko yaro ɗan shekara 12 zai iya koyonta a yini guda. Tsayar da shi a inda kake so, a lokacin da wani ya faɗo maka ba zato, shi ne abin da mutum zai shekara biyar yana hawa bai iya ba. Ga yadda nake bi da duk wanda na koya wa, daki-daki.

1. Zaɓi mashin daidai da kai

Kana sabon shiga, kada ka wuce mai ƙaramin inji, cc 100 zuwa 125. Bajaj Boxer, TVS, Haojue, ko roba-roba irin su Jincheng da Lifan, duk sun isa. Roba-roba ya fi sauƙin koyo don ba ka fama da kuloci a hannu, amma idan ka san mai kuloci za ka ƙare da shi, to fara da shi tun yanzu, kada ka koyi hawa sau biyu.

Ka zauna a kai kafin ka biya kuɗi. Idan ƙafafunka biyu ba sa taka ƙasa sosai, ba naka ba ne, komai kyansa. Idan na hannu ne, ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya duba ko kan ya taɓa lanƙwasa, kuma a ba ka rasit na asali. Mashin ɗin sata ba ya zuwa da tambari a goshi.

Gargaɗi: kada ka zuba duk kuɗinka a mashin. Tun wajen lissafi ka ware na hular kwano da takardu da baƙin mai. Wanda ya ce "sai wata mai zuwa zan sayi hula", a wannan watan ne ya fi buƙatarta.

2. Hular kwano da abin da za ka sa a jiki

Masu shekaru za su tuna farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano. Abin ya zama wasa: wani ya kifa ƙwarya a kai, wani hular leburorin gini, fasinja kuma ya ƙi sa ta ɗan acaɓa wai kada a yi masa asiri. Har yau ba mu gama fita daga wannan tunanin ba, ana ganin hula ta jami'an hanya ce, ana rataye ta a kan mashin sai an hango su. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan rauni a kai kuma da kusan kashi 70. Karaya ana ɗora ta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da mai ɗori.

Ga yadda ake zaɓa. Ka nemi wadda ta rufe har haɓa, domin mutum idan ya faɗi sau da yawa da fuska yake sauka. Ka juya cikinta ka danna da babban yatsa: ƙarƙashin yadin dole ka ji wani farin abu mai kauri da tauri, irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a kwali. Shi ne ke shanye bugu. Idan soso ne kawai mai laushi da roba, ajiye ta, kwalliya ce. Masu inganci suna ɗauke da tambarin ECE ko DOT ko ISI a bayansu, sai dai tambari ma ana buga na jabu, don haka ka fi yarda da yatsanka da nauyin da ka ji a hannu. Ka sa ta ka girgiza kai. Idan tana yawo ta yi maka yawa, daidai ita ce wadda ta ɗan matse kumatu. Ka ɗaure igiyar haɓa yadda yatsu biyu kaɗai za su iya shiga. Hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa.

Kuɗinta yana canzawa da kasuwa, amma tsadarta ba ta kai ta jinyar mummunan rauni a kai ba.

Sai ƙafa da hannu. Silifas ba takalmin mashin ba ne. Ka sa sau-ciki mai rufe yatsu, wanda ya haura idon sawu ya fi. Safar hannu ko ta masu walda ce ta fi babu, domin duk wanda zai faɗi tafin hannu yake fara miƙawa. Dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, kuma mai haske, wadda ake hangowa daga nesa.

Gargaɗi: babbar riga da jallabiya da rawani mai jela abokan gabar sarƙa ne. Ranar Juma'a ko ɗaurin aure, ka tattare rigar ka zauna a kanta, ko ka naɗe ta a jaka sai ka isa.

3. Takardu

Lasin babur aji A ne, kuma sai ka cika shekara 18. A farashin da aka sanar a tsakiyar 2025, lasin shekara uku naira 7,000 ne, na shekara biyar 11,000, lambar babur kuma 12,000. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 3,000 ce ga babur tun farkon 2023. Ka je ofis da ƙafarka, ka tambayi farashin ranar, ka karɓi rasit. 'Yan-na-kama da ke bakin ƙofa su ne ke ninka kuɗin, wani lokaci kuma takardar bogi za su miƙa maka.

Ka kuma san dokar garinku. Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, jihohi da dama kuma suna sa dokar hana goyo ko hawan dare saboda tsaro, su ɗage, su sake sawa. Ka tambaya kafin ka ɗauki hanyar garin da ba ka saba ba.

4. Duba mashin kafin ka buga kik

Wannan minti biyu ne kowace safiya, idan ya zama jiki ba ka ma sanin ka yi.

Taya: ka danna ka ji iska, mako-mako kuma ka sa mai faci ya auna da ma'auni. Yawancin ƙananan mashina kusan lamba 25 a ma'aunin iska suke so a gaba, 28 a baya, zuwa 32 in da goyo, amma ka duba littafin naka. Masu faci suna son cika taya tam har ta yi kamar dutse, irin wannan tayar kuwa ba ta kama ƙasa, tsalle take yi. Tayar da zanenta ya shafe ta zama sumul, canza ta. Idan za ka sayi sabuwa, duba lambobi huɗu da ke gefenta: 2423 na nufin mako na 24 na 2023 aka yi ta. Wadda ta shekara biyar a shago ta bushe ko da ba a taɓa ɗaura ta ba.

Birki: tura mashin gaba ka matse na hannu, ka sake turawa ka taka na ƙafa. Kowanne ya kama shi kaɗai.

Sarƙa: ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, motsinta kada ya wuce faɗin yatsu biyu. Mai sako-sako tana iya zamewa ta ƙulle tayar baya kana cikin tafiya, mai tauri kuma ta tsinke.

Sai baƙin mai, fitilar gaba, jar fitilar baya, sigina, oda. Sabon mashin ana canza masa mai na farko da wuri, wajen kilomita 500, kuma ba a ba shi wuta sosai a wannan tsakanin, wanda ma ya yi daidai da kai mai koyo.

Gargaɗi: kada ka cire madubi. Samari suna cirewa wai mashin ya fi kyau, wasu kuma su juya shi yana kallon fuskarsu. Ka daidaita su biyun yadda za ka ga gefen kafaɗarka kaɗan da hanyar da ke bayanka.

5. Kwanakin farko a fili

Nemi fili mai ƙasa mai tauri, filin makaranta ranar hutu ko filin idi, ba mai yashi ba, ba inda yara ke ƙwallo ba. Ka je da mutum ɗaya mai haƙuri wanda ya iya. Kada ka je da abokai huɗu, dariya za su yi maka, kai kuma ka murɗa totur don kunya.

Kafin ka tayar da inji, ka tura mashin da hannu, ka juya shi, ka ɗora shi a jak ka sauke, ka ji nauyinsa. Ka tambayi tsarin giyarsa, don wasu duka ƙasa ake dannawa, wasu kuma ta ɗaya ƙasa sauran sama. Ka iya nemo firi, wato inda mashin ba ya cikin giya, ido rufe.

Sannan ka tayar, ka matse kuloci, ka sa giya ta ɗaya, ka riƙa sakin kulocin a hankali ba tare da ka taɓa totur ba, har ka ji mashin ya fara ja. Da ka ji, sake matsewa. Yi haka sau ashirin, talatin, har hannunka ya haddace wurin. Daga nan ka ƙara totur kaɗan, ka tafi taku goma, ka tsaya. Yini na farko ke nan, kada ka wuce giya ta biyu.

Gargaɗi: riƙon totur shi ne ke jefa masu koyo cikin katanga. Idan ka ɗora wuyan hannu sama, da mashin ya fizge ka baya hannunka zai ƙara murɗawa da kansa, ya ƙara fizga, ka ƙara murɗawa. Ka sauke wuyan hannu ƙasa-ƙasa. Duk sanda ka rikice, matse kuloci. Inji zai yi ta ihu, amma mashin ba zai je ko'ina ba.

6. Birki, inda aikin yake

Za ka ji ana cewa birkin gaba kayar da mutum yake, kada a taɓa shi. Na ga mashina da yawa da aka sassauta musu shi da gangan, wasu ma wayar ta tsinke an bar ta tana lilo. Wannan maganar ta kai mutane da yawa Asibitin Ƙashi na Dala. Idan ka taka birki nauyin mashin da naka duk gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Mai taka na baya kaɗai, tayarsa za ta ƙulle ta yi ta jan ƙasa tana wutsil-wutsil, shi kuma yana ci gaba da tafiya har ya isa abin da yake gudu.

Abin da ke kayar da mutum cafka ce, wato damƙe birkin gaba gaba ɗaya lokaci guda, musamman kan mashin yana karkace. Ana matsa shi ne kamar yadda ake matse lemun tsami: a fara a hankali, nauyi ya sauka kan tayar, sannan a ƙara ƙarfi.

Ga atisayen. Ka ja layi a ƙasa. Ka taho a giya ta biyu, da ka iso layin ka saki totur, ka matsa na gaba ka taka na baya tare, ka matse kuloci dab da tsayawa, ka sauke ƙafar hagu. Kan mashin a miƙe, idonka a gaba, ba a kan taya ba. Ka ajiye dutse a inda ka tsaya. Sake tahowa ka yi ƙoƙarin tsayawa kafin dutsen. Bayan sau goma, gwada da na baya kaɗai ka ga inda za ka wuce dutsen ka bar shi. Wannan gwajin ya fi duk wani bayani nawa. Idan ka ji tayar gaba tana neman zamewa, saki birkin nan take ka sake matsawa.

Ka yi wannan kwana uku a jere, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kuma ko bayan ka shiga titi ka riƙa komawa kansa lokaci-lokaci. Ranar da yaro zai ɓullo maka daga bayan mota ba tunani za ka yi ba, abin da hannu ya saba shi zai yi.

Ka riƙe wannan lissafin kuma. A gudun kilomita 50 cikin awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta sa wa babur, kana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, ka shafe tsawon motoci uku ba ka ma fara tsayawa ba. Idan kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa.

7. Kwana da yashi

Faɗuwata ta farko a kwanar layinmu ce, wata na uku da sayen mashin, ina ganin na gama iyawa. Ruwan daren jiya ya kwaso yashi ya shimfiɗa a bakin kwalta, na shigo da ɗan gudu, na ga yashin bayan na riga na kwantar da mashin, na cafki birkin gaba. Ban san sanda na isa ƙasa ba. Abin da na fara ji shi ne salansa a ƙaurina, mashin ya danne ƙafar, mai shayin bakin layi ne ya rugo da ludayinsa a hannu ya ɗaga min shi. Tabon yana nan har yau, faɗinsa kamar tafin hannun jariri. Da wando mai kauri na sa maimakon ɗan yadin shan iska, da labarin bai kai a ba da shi ba.

Ƙa'idar kwana ita ce ka gama rage gudu da sauke giya tun kana miƙe, kafin ka shiga. A cikin kwanar ka riƙe totur daidai, ba ƙari ba ragi, sai ka hango mafita sannan ka ƙara. Ka juya kai ka kalli inda kake son zuwa, domin mashin ido yake bi. Mai kallon rami a ramin zai faɗa, mai kallon kwata a kwata zai ƙare. Idan rami ya ɓullo, nemi hanyar da ke gefensa ka kafa mata ido.

Idan ka tsinci kanka a kan yashi, tsakuwa, laka ko man da tirela ta zubar, ka miƙar da mashin, ka saki totur a hankali, kada ka yi wani motsi na gaggawa. A nan birkin baya ya fi na gaba amfani, shi ma a tausashe. A fili ka ajiye duwatsu biyu ka yi ta zagaya su kamar kana rubuta 8 har ka daina sauke ƙafa.

8. Shiga titi

Fara da layukan unguwa da sassafe bayan an sauko daga Asuba, sannan titi mai sauƙin motoci. Kasuwa, tasha, shataletale da lokacin tashin 'yan makaranta ka bar su sai bayan mako biyu ko uku.

Ka ɗauka ba wanda ya gan ka. Kusan duk direban da ya buge mai mashin magana ɗaya yake yi, "Wallahi ban gan shi ba", kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Ka kunna fitila ko da rana ne. Kada ka lafe a can bakin kwalta inda yashi da ƙusoshi da ramuka suke, inda kuma mota za ta matse ka. Ka riƙe gurbinka a layi kamar kai ma mota ce. Tsakaninka da na gabanka ka bar daƙiƙa uku: idan ya wuce wata fal-waya, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a tsanake kafin kai ka iso ta. Kada kuma ka bi tsakiyar bayan mota, don ramin da ta ratsa tsakanin tayoyinta kai zai tara.

Mahaɗar hanya ita ce babban tarko. Motar da ke fuskantarka tana son karyawa hagu, ko wadda ta leƙo daga layi, su ne suka fi ɗaukar masu mashin. Da ka hango irinsu ka ɗora yatsu biyu a kan birki, ka rage gudu, ka kalli tayar gabansu. Fuskar direba tana iya yaudararka, yana kallonka amma hankalinsa na waya, taya kuwa in ta motsa ta motsa. Ko danja ta ba ka hannu, leƙa hagu da dama kafin ka shiga.

A-daidaita-sahu kuwa sai ka yi masa uzurin da ake yi wa akuya: fasinja ɗaya ya ɗaga hannu a ɗaya gefen titi, zai tsaya cak ko ya yi kwana ba sigina. Kada ka bi shi a gindi, kada ka wuce ta damansa inda yake sauke mutane. Motar da ta faka yanzu-yanzu ma ka ba ta tazarar buɗe ƙofa. Ƙwallo in ta gangaro titi, akwai yaro a bayanta. Akuya ɗaya in ta tsallaka, jira 'ya'yanta.

Gargaɗi a kan tirela da tifa: idan ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Tirela mai shirin karyawa dama takan fara buɗewa hagu, sai ka ga fili ya samu a damanta ka ce bari in kutsa. Wannan filin na tayoyinta na baya ne, nan za su biyo. Kada ka shiga, ko da za ka makara. Idan za ka wuce babbar mota, ta hagu, inda kake hango gaba sosai, ka wuce da sauri kada ka jera da ita, kuma ka yi shirin iskar da za ta buge ka.

Kafin ka canza layi: madubi, sigina, sannan waiwaye da kai. Ka tuna ka kashe siginar, ta mashin ba ta kashe kanta. Aron hannu don gudun zagaye na minti biyu, da amsa waya a maƙale a kafaɗa, waɗannan ba sai na yi dogon bayani ba.

9. Dare, damina, hazo da azumi

Wata biyun farko ka bar hawan dare. Idan ya zama dole, ka yi gudun da za ka iya tsayawa a cikin iyakar hasken fitilarka. Fitila ɗaya da ke tahowa kada ka ɗauka mashin ne, tana iya zama mota mai ido ɗaya. Ganye da aka zuba a kan hanya alama ce babbar mota ta mutu a gaba, sau da yawa ba ko fitila a jikinta.

Ruwan farko na damina ya fi kowanne santsi, don yana tayar da mai da ƙurar da suka taru tun rani. Ka fake ka bar shi ya wanke titi. Ruwan da ya kwanta kada ka shige shi da gudu, ba ka san zurfin ramin da ya rufe ba, bayan ka fita kuma ka ɗan tattaka birki ya bushe. Lokacin hazo ka goge gilashin hula, ka kunna fitila.

Da azumi, rabin awar da ke gaban Magariba kowa a gigice yake, ga yunwa ga sauri. Ka sa dabino da ruwa a jaka ka sha ruwa a inda ta same ka. Maganin mura mai sa barci ma ka kiyaye shi in za ka hau, balle taramol da sauran kayan maye da wasu ke cewa suna ƙara ƙarfin aiki.

10. Goyo da kaya

Kada ka goya kowa sai ka yi aƙalla wata biyu kana hawa kai kaɗai. Da goyo mashin yana ƙara nauyi, birki yana ƙara nisa, kan yana yin sakayau. Mutum ɗaya tak, da tasa hular. Ka gaya masa kada ya hau ko ya sauka sai ka ce, ƙafafunsa a kan mataki ko an tsaya, kuma a kwana ya bi jikinka, kada ya miƙe don tsoro.

Idan mace ce, kafin ka tayar ka waiwaya da kanka ka ce, "Hajiya, a tattare hijabin." Dogon hijabi ko gyale ko bakin zane idan ya shiga tayar baya, ta wuya yake fizgo mace, kuma kafin ka ankara an gama. Ƙananan yara kuma salansa da wayoyin taya ne ke cin ƙafarsu. Ɗora yaro a kan tanki ya riƙe madubi ya zama ruwan dare, amma ka sani duk birkin da ka taka shi ne zai fara tafiya.

Kaya a ɗaure su tam a baya, kada su fi faɗin kan mashin. Leda mai nauyi a rataye a hannu tana hana kan juyawa. Wasan mashin a rakiyar amarya kuwa, in an gayyace ka ka ce mai ya ƙare.

11. Idan haɗari ya auku

Ko kai ne ko wani ka tarar, a fara kashe inji, a sa mutum ya tare motoci kada a ƙara wani a kai. A kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112.

Mu nan tausayi ne ke sa mu yin ɓarna. Mutum huɗu su kama hannu da ƙafa su ciccibi wanda ya faɗi, kansa na reto, su cusa shi a a-daidaita-sahu. Idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce za ta shanye masa jiki har abada. Idan ba a tsakiyar titi yake ba, a bar shi a kwance, wani ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa. Idan dole a ɗauke shi, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako a mirgina shi a kai, kai da wuya da baya a miƙe. Kada a cire masa hula sai idan ba ya numfashi ko yana amai. Kada a ɗura masa ruwa, zai iya shaƙe shi, kuma wataƙila tiyata za a yi masa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Ƙunar salansa ruwa mai sanyi ake zuba mata na minti 20. Ba man goge baki, ba baƙin mai, ba ɗanyen ƙwai. Ƙujewar kwalta a wanke ta sosai a fitar da ƙasa, a je a yi allurar tetanus.

Gargaɗi: wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, a sa masa ido kwana biyu. Amai, yawan barci, ciwon kai mai ƙaruwa, rikicewar magana, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, asibiti nan take ko tsakar dare ne. Karaya kuma a fara ɗaukar hoto kafin a yi maganar mai ɗori. Idan ƙashi ya huda fata, ko karayar ta shafi gaɓa, ta asibiti ce kawai. Idan kuma an yi ɗori yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, a kwance a tafi asibiti a ranar, don ta haka ake rasa ƙafar da karayarta ba ta kai ta kawo ba.

12. Bayan ka tashi

Kada ka hau mashin ɗin da ya faɗi sai an duba shi. Ka tsaya a gabansa ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka ga ko kan ya karkace, ka gwada birki biyun, ka duba ko hannun kuloci ya tsage, ko mai na zuba. Hular da ta daki ƙasa da kanka a ciki ta gama aikinta ko ba ka ga tsaga a waje ba, farin abin nan na ciki sau ɗaya yake shanye bugu. Sayi wata, tsohuwar kuma ka yanke mata igiya kafin ka yar, don kada wani ya tsinta ya kai ta kasuwa.